Rahoton Shekara ga Mambobi: Aikinmu kan Ƙwarin Gwiwar 'Yan Wasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa kociyoyi.

Bana kwamitin horarwa ya sa abu ɗaya a gaba: yaran da ke karaya da zarar an zura musu ƙwallon farko. Kun san alamar. Kai ya sunkuya, mai tsaron baya ya daina kiran abokinsa, kowa na gudun a ba shi ƙwallo.

Maganin da muka gwada a atisaye shi ne wasan "ana bin ku". A raba yara bakwai-bakwai a rabin fili, a ce wa ɓangare ɗaya an ci su 2-0, saura minti 15. Sau biyu a mako ya isa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne koci ya riƙa ɗora wa masu rauni bashin kullum. Sai su saba da shan kashi. A riƙa juyawa. Kafin a fara mukan tuna musu wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olympics ta Atlanta 1996: Brazil na gaba da 3-1, Najeriya ta farke ta ci 4-3, Nwankwo Kanu ya zura biyun ƙarshe. Da yaro ya ji Tijani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna, suna cikin tawagar, sai ka ga ya gyara tsayuwa.

Fenareti kuwa a ƙarshen atisaye ake buga shi, lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Mai bugu ya tako daga tsakiyar fili shi kaɗai, sauran na masa ihu, ya zaɓi kusurwa tun kafin ya ajiye ƙwallo. Mai sauya shawara yana cikin gudu, yawanci hannun gola yake miƙa wa.

A hutun rabin lokaci, minti uku na farko a bar su su sha ruwa. Sannan gyara biyu kacal. Zagin gola a gaban 'yan kallo, wallahi ya kashe mana yara masu kyau, kuma har yanzu wasunmu ba su daina ba.

Inda muka gaza shi ne 'yan benci. Yaro ya yi wata guda bai taɓa ƙwallo a wasa ba, ga kuɗin mota daga aljihunsa, sai a neme shi a rasa. Shawarar kwamiti ita ce baɗi kowane koci ya faɗa wa ɗan benci tun ranar Alhamis ko zai shiga, da kuma dalili. Za mu kaɗa ƙuri'a a kanta a taro mai zuwa.