Ku Gyara Darasin Muƙamai da Kuka Watsa Ranar Asabar

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Darasin Ingilishi da kuka watsa a rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai, kuma ba zan yi shiru ba, domin ɗalibai da ƴan kasuwa sun rubuta abin da malaminku ya faɗa, gobe da shi za su yi aiki. Ya ɗauko sunayen muƙamai na Ingilishi, kowanne ya haɗa shi da kalmar Faransanci da ta yi kama da shi a kunne, ya ce ma'anarsu ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne. A Maraɗi ma illar ta fi yawa, tunda kullum mutanenmu suna kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, Katsina da Kano, takardu a hannu.

Ya ce "Minister of State" shi ne "ministre d'État". Sam, akasin haka ne. A nan Nijar mai wannan suna babba ne, a jerin gwamnati yana gaba da sauran ministoci, kamar yadda aka naɗa Janar Salifou Mody a ma'aikatar tsaro a watan Agusta 2023. A Najeriya kuwa ƙaramin minista ake nufi, wanda ke aiki a ma'aikatar da take da babban ministanta. Duk wanda ya fassara labarin Yamai da darasinku ya rage wa babba girma, wanda ya fassara na Abuja ya ɗora ƙarami bisa ubangidansa. "Secretary of State" na Amurka ma ministan harkokin waje ne, ba "secrétaire d'État" da ke ƙasa da ministoci ba.

Wanda ya fi damuna shi ne kwamishina, don shi ne zai janyo wa talaka asarar kuɗi da lokaci. Malamin ya ce "Commissioner of Police" daidai yake da komiser ɗinmu. Komiser yana iya riƙe komisariya guda a cikin gari, a shiga a same shi. Kwamishinan ƴan sanda a Najeriya shi ke riƙe da jiha baki ɗaya, na Katsina yana kula da ƙananan hukumomi 34. A ƙasansa akwai kwamandojin yanki, a ƙasansu kuma akwai DPO, mai kula da ofishin ƴan sanda na shiyya, kuma shi ne ya fi kusa da aikin komiser. To direban da aka tsare wa mota a Jibiya, in ya sa aka rubuta masa koke zuwa ga kwamishina, takardar hedikwata za ta nufa a Katsina, ta shiga layi, daga baya a maido ta ga DPO ɗin da tun farko ya kamata a gani. Motar na tsaye, kayan gwari na ruɓewa. In kuwa ƴan kwastan ne suka riƙe kayan, babu ruwan ƴan sanda, shugabansu kwanturola ake ce masa. Ƙari kan haka, akwai kwamishinan ilimi da na lafiya da na noma, waɗanda ba su sa kaki: su ne kamar ministocin gwamna a jiha. Ko a bakin malaminku ba mu ji wannan ba.

"Deputy" mataimaki ne, ba depite ba, wato ɗan majalisa. Ƴan aji shida ma sun san haka.

Sai jami'a. Ya fassara "Vice-Chancellor" da mataimakin shugaban jami'a, saboda ya ga kalmar farko. A Najeriya mai wannan muƙami shi ne shugaban jami'a da kansa, aikinsa irin na rekta ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. "Chancellor" uban jami'a ne na girmamawa, sau da yawa sarki ne ake ba wa, kuma a bikin yaye ɗalibai aka fi ganinsa. "Rector" a can shugaban kwalejin fasaha ne, "Provost" kuma na kwalejin horon malamai. Yaron da ya samu bak, wato takardar kammala sakandare, yana neman gurbi a Kano ko Zariya, in ya aika takardarsa ga uban jami'a ya aika ta inda ba a karantawa. Sha'anin ɗaukar ɗalibai da takardunsu a ofishin magatakarda yake, wato "Registrar". Iyaye na sayar da dabbobi su biya kuɗin fassarar takardu, bai kamata rediyo ya ƙara musu wahala ba.

Gwamna ma sunan ne ɗaya. Namu daga Yamai ake naɗo shi, shi ke wakiltar gwamnati a jiha, perefe-perefe na Tasawa, Dakoro, Madarumfa da sauran gundumomi suna ƙarƙashinsa. Na Katsina zaɓensa ake yi na shekara 4, yana da majalisar dokokin jiha da kasafin kuɗinsa. Ciyaman na ƙaramar hukuma shi ma ƙuri'a ke kawo shi, don haka ya fi kusa da magajin gari, ba perefe ba kamar yadda aka faɗa. A kamfani kuwa ciyaman shugaban kwamitin daraktoci ne, ba shi ke sa hannu kan odar siminti ko taki ba. Ɗan kasuwa mai neman zama dila sai ya rubuta ga manajan darakta, ko ga manajan sashen ciniki in odar ƙarama ce.

Kafin malaminku ya fassara kowane muƙami, ya binciko wa ke naɗa mai shi, iyakar ina ikonsa ya tsaya, wa ke samansa, sannan ya faɗi a wace ƙasa ake amfani da sunan haka. Maraɗi cike take da waɗanda suka yi karatu a Katsina da Kano, ku gayyato ɗaya ya zauna da shi a ɗakin watsa shiri.

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da tallar maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar darasi. Ƙararta ta ninka muryar malamin, ga kalaman da uba ba zai iya saurare da ƴaƴansa a tsakar gida ba. Shirin yara ne, ku kai tallar can cikin dare.

Ina roƙon a karanta gyaran nan a daidai lokacin da aka watsa kuskuren, ranar Asabar mai zuwa, a kuma fara da na kwamishina da na jami'a kafin wasu su aika takardunsu.

Naku mai saurare,
daga unguwar Bagalam, Maraɗi.