Kwafin takardar NIN ba ƙaramin abu ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni fili in yi magana kan wata fahimta da ta yaɗu a Kano, cewa wanda ya kwafi bayananka bai cuce ka ba tunda naka na hannunka. Wannan kuskure ne. Lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, kowacce mai lambobi 11, amfaninsu yana cikin sirrinsu. In lambar sirrin katin ATM ta fita, sai ka sauya ta a take. NIN kuwa guda ce har ƙarshen rayuwa.

Ga inda ɓarakar take. Mutum ya je shagon buga takardu, ya tura hoton takardarsa ta WhatsApp. Kwafi ɗaya ya zauna a wayar mai shago, wani a kwamfuta, wanda bai fito da kyau ba a jefa shi kwandon shara, gobe a ƙunshe gyaɗa da shi. Takardar tana ɗauke da suna da hoto da lamba. In aka haɗa da ranar haihuwa da lambar waya, ɗan damfara ya samu abin da zai kira ka da sunan banki, ko ya nemi bashi a manhaja da sunanka.

Don haka duk kwafin da za ka bayar, rubuta dalilinsa da kwanan wata a kansa da biro. Karɓi waɗanda suka lalace. Tsaya a goge na waya da na kwamfuta a gabanka, har da kwandon sharar kwamfutar, domin gogewar farko ba ta fitar da shi. Kafin ka miƙa waya ga mai gyara, cire layi da memori. Ka kuma sa wa layin PIN: wanda ya tsinci layinka zai iya danna *346# ya ga NIN, ko *565*0# ya ga BVN.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum damar tambayar abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara ko a goge. Ta kuma wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane su sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su. Ina roƙon hukumar ta zauna da ƙungiyoyin masu POS, da masu shagunan buga takardu, da masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre, ta yi musu bayanin dokar da Hausa.

Wassalam.

Mai karatu daga Fagge, Kano