Sanarwa: Zama da kansilanmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna da kansilanmu a ƙofar gidan mai unguwa.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye. Amma ciyaman ke gabatar da kasafin kuɗi, kansiloli su amince, kuma aikin da bai shiga ba sai baɗi. Don haka mu miƙa buƙatunmu a rubuce tun yanzu.

Ni dai magudanar bayan firamare ce ta fi damuna, da damina ruwa har gwiwar yara yake kaiwa. Iyayenmu mata, don Allah ku zo, ku kuka san wahalar famfon da ya mutu. Wanda uzuri ya hana ya turo saƙon murya.