Sanarwa: Zaman Asabar Kan Littattafai 73

Salama ƴan'uwa cikin Kristi. Ranar Asabar bayan Misa ta safe akwai zama da Fada a zauren coci, kan tambayar nan da ake yawan jefo mana, wai me ya sa Littafi Mai Tsarki namu na Katolika littattafai 73 ne, na ƴan Furotesta 66, wai mu muka ƙara bakwai. Ba ƙari muka yi ba fa, tun taron shugabannin coci na Kartej a shekara ta 397 littattafan nan, su Tobit da Judit da Makabi, suna cikin jerin, taron Trent na 1546 tabbatarwa kawai ya yi. Don Allah kowa ya karanta 2 Makabi sura 12 kafin ya zo, wurin addu'a domin matattu, nan ne gardamar ta fi zafi. A zo da Baibul, banda latti.