Godiya ga Ofishin Kula da Gaɓar Teku

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin da ya kai mu bakin teku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, tunda yaba kyauta tukwici.

Da na ba da sunana cikin 'yan sa-kai, na ɗauka tsintar shara kawai za mu yi mu dawo. Har na yi guna-guni da kuka ce a hallara tun da asuba. Sai da muka isa malamar da ta jagorance mu ta warware mana: a yawancin gaɓoɓi ruwan teku kan cika ya janye sau biyu a rana, wata ne ke jansa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wanda ya makara, sai ya tarar ruwa ya rufe abin kallo.

Ban manta yadda ta ɗaga wani dutse ba. Ƙananan kaguwa suka watse, kowace ta kama gabanta. Da muka gama kallo, ta mayar da dutsen a hankali, daidai yadda ta same shi, don kada rana ta busar da halittun da ke maƙale a ƙarƙashinsa.

Inda kuka killace ramin ƙwan kunkurun teku kuwa, nan muka fi daɗewa. Uwar kan binne ƙwai kusan 100 a rami ɗaya, su yi kamar wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Abin mamaki, zafin rairayi ne ke sa su fito maza ko mata: in ya yi yawa, mata sun fi yawa. 'Ya'yan kuma haske suke bi zuwa ruwa, shi ya sa fitilun gine-ginen bakin teku ke ɓatar da su.

Sharar ma mun tsinta, da safar hannu da buhu. Da kuka ce kowane guntun taba da murfin roba sai an rubuta shi a kati, na ga kamar ɓata lokaci ne. Daga baya na gane da wannan lissafi ake sanin inda sharar ke fitowa.

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga matashin ma'aikacinku da ya jure tambayoyina, wasu har sau uku, bai ƙosa ba. Allah Ya saka muku da alheri. Don Allah ku sa sunana cikin masu gadin dare lokacin ƙyanƙyasa. Na riga na nemi tocila mai ba da jan haske kamar yadda kuka ce.

Naku,
Ɗaya daga cikin 'yan sa-kai