Wancan ƙarfen ba kan tukunyar gas ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Game da hoton nan da kuka buga na wani ƙarfe mai mesa biyu da wani ɗan gwangwan ya tsinta cikin kayan tsohon jirgin ruwa, kuka ce wanda ya san ko mene ne ya faɗa. Na ji wasu na cewa kan tukunyar gas ne, wasu kuma wai na iskar asibiti. Ba ko ɗaya. Na'urar numfashi ce ta masu nutso, ita ke rage ƙarfin iskar da aka matse cikin silinda ta ba mutum daidai yadda ya zuƙa a ƙarƙashin ruwa.

Amma fa masu cewa gas ba su yi nisa da gaskiya ba. Asalinta Faransa ne a 1943, lokacin yaƙi fetur ya yi wuya, wani injiniya Emile Gagnan ya haɗa abin da zai sa mota ta yi tafiya da gas, shi ne wani hafsan sojan ruwan Faransa mai nutso, Jacques Cousteau, ya gani suka juya shi ya koma na nutso. Da suka gwada a kogin Marne sai iska ta riƙa zuba ita kaɗai in mutum na tsaye, in ya kifa kai ƙasa kuma da ƙyar take zuwa, shi ya sa suka ƙara mesa ta biyu mai mayar da numfashin da ka fitar can bayan ƙeya inda na'urar take. To ka ji dalilin mesa biyun.

Inda abin ya ɗaure wa mutane kai shi ne rubutun jikin. Na Faransa za ka ga sunan kamfanin La Spirotechnique, na Jamus Dräger, wannan kuwa kowa na karanta ABM. Haruffan Rasha ne malam, abin da muke gani kamar B su V suke karanta shi, wato AVM kenan, irin wadda Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa a 1957 bisa tsarin na Faransawan. In mai kayan ya goge tsatsar a hankali ya duba ko akwai lamba da shekara a gefe, sauran rubutun ma zai ga ba irin bokonmu ba ne.

Yanzu kusan kowa mai mesa ɗaya yake amfani da ita, irin wadda Ted Eldred ya fito da ita a Ostireliya wajen 1952, don haka masu tara kayan tarihi na neman tsofaffin. Roƙona kar mai kayan ya farfasa ta don tagulla a auna masa a sikeli. Kuma don Allah kar wani ya ce zai shiga ruwa da ita, robar ciki in ta daɗe bushewa take ta tsage, ba a wasa da wannan.

Naku,
Mai karatu daga Apapa, Legas