Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa

Assalamu alaikum.

Mai girma Gwamna, Allah ya taimake ka. Ina rubuto maka ne a kan 'ya'yan da aka haifa a cikin birnin nan, aka yanke cibiyarsu a nan, amma har yau hukuma na kallonsu a matsayin baƙi.

Ka san su. Akwai Bayarabe da Inyamuri da Banufe da Babarbare waɗanda kakanninsu suka zo fatauci ko aikin gwamnati tun kafin a ƙirƙiri jihar a 1987. Hausarsu irin ta Katsinawa ce. Suna biyan haraji, suna kaɗa ƙuri'a, da su ake zaman makoki, da su ake biki. Amma ranar da yaronsu ya nemi tallafin karatu ko gurbin aiki, sai a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sai a tura shi wani gari da bai taɓa kwana a cikinsa ba, inda su ma za su ce ba su san shi ba. To, ina zai sa kansa?

Ranka ya daɗe, wannan ba halin Katsina ba ne. Garin nan da baƙi ya bunƙasa. Wangarawa sun zo da ilimi da kasuwanci, Shehu Al-Maghili ya zo ya karantar. Wali Ɗan Masani, wanda muke alfahari da shi, unguwar Masanawa ma ke ɗauke da sunansa, asalin iyayensa mutanen Barno ne. Da magabatanmu sun tambaye shi takarda, da mun yi asarar da ba za ta misaltu ba.

Doka ma tana tare da su. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan Najeriya saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko inda ya fito. Na san rabon muƙaman tarayya ba a hannunka yake ba. Amma tallafin karatu na jiha, da ɗaukar ma'aikatan jiha, waɗannan naka ne.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai: Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, shi ma an sace masa shanu, ya gudo birni, amma ana hana shi hayar ɗaki saboda kamanninsa kawai.

Roƙona shi ne ka kai wa Majalisar Dokoki ƙuduri, wanda zai ba duk wanda aka haifa a jihar, ko ya daɗe yana zaune yana biyan haraji, haƙƙi ɗaya da kowa. A kuma buɗe ofishin da wanda aka nuna wa bambanci zai kai ƙara, a saurare shi ba sai ya san wani babba ba.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Ƙofar Ƙaura, Katsina